Ƙwazon Aiki da Sakamakonsa a Tarihin Ƙasar Daura

A shekarar 1966 wani malami na Jami'ar Shikago ta Amurka, mai suna Robert LeVine, ya buga wani ɗan littafi da ya kira Dreams and Deeds, watau mafarkai da ayyuka. An bi makarantun sakandare na Nijeriya ne aka sa samari, Ibo da Yarabawa da Hausawa, su rubuta mafarkan da suka taɓa yi, sa'an nan aka zauna aka ƙidaya waɗanda suka ƙunshi burin yin fice ta hanyar ƙoƙarin kai. Da aka gama lissafi sai Ibo suka zo a gaba, Yarabawa a tsakiya, Hausawa a baya. Dalilin da malamin ya bayar shi ne wai a tsarin Hausawa na gargajiya mutum yana ɗaukaka ne ta hanyar biyayya ga ubangida, saboda haka ladabi aka fi cusa wa yaro, ba himma ba.

Mutum yana iya yi wa wannan bincike dariya, ya ce yaushe aka fara auna ƙwazo da mafarki, kuma wane yaro ne mai kunya zai zayyana wa baƙo abin da ya gani cikin barcinsa. Amma zargin bai kwanta ba, domin ko a bakin ma'aikata kansu akan ji ana cewa aikin gwamnati ba gonar uban kowa ba ce. Har ma da A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi Di'o a Adamawa kafin ya koma koyarwa a Zariya, da ya tashi jera halayen mutumin kirki a wata lacca da aka buga a 1974, ya kawo gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci, amma ƙwazo bai sami shiga cikin goman ba. Alhali kuwa harshen da yake da himma da naci da zafin nama da juriya, kuma ya tanadi lalaci da ragwanci da son jiki da ganda da ha'inci da cima-zaune don zagin wanda ya rasa su, ba harshen mutanen da ba su damu da aiki ba ne. Abin tambaya shi ne, a wane hali Bahaushe yake sakin jiki ya yi aiki, a wane hali kuma yake janyewa. Tarihin Daura ya dace da wannan tambaya, gama a nan ne labarin asalin sarautun Hausa ya faro, kuma daga nan ne mutumin da ya yi ƙoƙarin koya wa ma'aikatan Nijeriya ƙwazo da bulala ya fito.

Kan macijin Kusugu

Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ko an yi Bayajida ko ba a yi shi ba, kuma wannan jayayya ba ta shafi maganar nan ba. Abin da al'umma ta zaɓa ta riƙa gaya wa 'ya'yanta shekara da shekaru yana nuna abin da take girmamawa, ko da labarin bai faru yadda ake faɗinsa ba.

An ce baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke cikin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙon ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sa kan a jakarsa, ya ɗebo ruwa ya koma ya kwanta bai gaya wa kowa ba. Yawancin masu ba da labarin a nan suke ƙarfafawa. Amma abin da ya faru da gari ya waye ya fi zama abin lura ga ma'aikaci. A wasu ruwayoyin, da Sarauniya Daurama ta aika a gano mata gaskiyar al'amari, Galadima daga nesa ya tsaya ya hango, Kaura ne ya matsa har ya taɓa gawar ya tabbatar maciji ya mutu, kuma da wannan ake fassara yadda jagorancin yaƙi ya zama na Kaura. Sa'an nan da Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, sai mutane suka yi ta fitowa kowa yana cewa shi ne, wasu har da kawo kawunan macizai. Aka riƙa gwada kai da gangar jiki, ba wanda ya dace, sai da tsohuwa ta tuna da baƙonta.

Ashe tun a labarin farko an san mai kai rahoto daga nesa, an san mai cin ladan aikin wani, an kuma san maganinsu, watau a ce a kawo kai a gwada. An yi aiki, an bincika, an cika alkawari a bainar jama'a. Duk tarihin da zai biyo baya, tarihin yadda aka riƙe wannan gwaji ne da yadda aka sake shi.

A gona ma haka abin yake. Ƙasar Daura jigawa ce, daminarta kuwa wata uku ce zuwa huɗu, wanda ya yi sakaci da shuka ko noman farko na 'yan kwanaki ya sani a rumbunsa zai gani. A gandu, 'ya'ya da ƙanne suna yi wa maigida aiki, shi kuma abincinsu da harajinsu da aurensu suna wuyansa, kuma kowa yana da gayaunarsa da yake nomawa don aljihunsa. A wajen gayya kuwa, samari ne a jere, kowa da kunyarsa, makaɗa suna zuga, 'yan mata suna kallo. Kalmar nan kunya, ta gona da ta fuska, rubutunsu ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba su, kuma a ranar gayya duk wanda aka bari a baya a ta farko ya gamu da ta biyu. Da rani ya yi, waɗannan mutane ne suke komawa saƙa da rini da jima da ƙira da fatauci, ko su tafi cin rani. Al'adar Hausa Bakwai ma, da ta raba ayyuka, kasuwa ta ba Daura da Katsina.

A fada, barantaka ce ke riƙe da aiki. M. G. Smith, a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, ya bayyana yadda sarautun Daura suka kasu tsakanin 'ya'yan sarki da barori 'ya'ya da bayi da babanni, har da na mata irin su Magajiya da Iya. Bara yana ba da jikinsa da lokacinsa, ubangida kuma yana ba shi riga da doki da aure, in ya yi fice a naɗa shi sarauta, in ya yi sake a tuɓe shi. Ana iya gane ƙarfin wannan igiya daga abin da ya faru bayan jihadi. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, daga baya zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Kimanin shekara ɗari gidan sarautar yana waje, amma aka ci gaba da naɗa sarautun da yin hidimominsu, har zuwa lokacin da Turawa suka maido da Malam Musa daga Zango tsakanin 1904 da 1906. Ba malalata ne za su riƙe tsarin mulki a gudun hijira na tsawon ƙarni guda ba.

To amma a nan LeVine yana da rabin gaskiya. Ƙwazon bara ubangida yake fuskanta, domin idon ubangida ne ke ganinsa, hannunsa ne kuma ke ba shi. Talakan da aka karɓe wa dame ko akuya don a faranta wa ubangida rai ba shi da bakin magana, kuma irin waɗannan karɓe-karɓe suna cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a Kitabul Farƙi. Fadanci ɗan'uwan barantaka ne na jini.

Zamanin En'e

Turawa sun canza abubuwa biyu da suka taɓa zuciyar aiki. Na farko, kafin Yaƙin Duniya na Farko an kafa Baitulmali a masarautun Arewa, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi a madadin kason da suke ɗiba daga haraji, aka kuma tura hakimai su zauna a gundumominsu. Daga nan aka sami sabon mutum a ƙasar Hausa, wanda ake biya don wata ya ƙare, ko an ga kan maciji ko ba a gani ba. Na biyu shi ne aikin tilas. Da shi aka share hanyoyin mota, aka ɗauki kayan Di'o a rangadi, kuma daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Wanda kakansa ya ɓuya a rumbu don kada a ɗebe shi, ba abin mamaki ba ne in ya gaji ra'ayin cewa aikin hukuma abin zillewa ne, mai wayo shi ne wanda ya yi kaɗan ya tsira.

Duk da haka En'e ba ta saki tsohuwar igiyar gaba ɗaya ba. Daura ƙaramar masarauta ce, kuma Sarki Abdurrahman ɗan Malam Musa ya yi shekara 55 a kan gado, daga 1911 zuwa 1966. A irin wannan wuri malamin haraji da malamin daji da duba-gari da ma'aji duk an san gidajensu, an san wanda ya kawo su, in ɗaya ya ci amana har wanda ya tsaya masa sai ya ji kunya. Di'o yana zuwa ya ƙidaya kuɗi ya gwada da rasit, kuma kuɗin da ake biyan albashi da shi harajin mutanen ƙasar ne da jangalin shanunsu. Tsofaffin da ke yabon ma'aikatan wancan zamani wannan suke tunawa. Abin da sukan manta shi ne binciken daga sama kawai yake zuwa. Littafi yana iya daidaita a gaban Di'o alhali an zalunci talaka a ƙauye, shi ya sa a watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, kuma a wannan watan ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano.

Gwamnatin Sardauna ta ɗauki Aiki da Ibada a matsayin takenta, ta yi ta horar da 'yan Arewa a makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya don su karɓi ofisoshi. Daura ta ba da nata, gama Alhaji Muhammadu Bashar ya riƙe muƙamin minista a wannan gwamnati kafin ya zama sarki a 1966, ya kuma yi mulki har 2007. A zamaninsa ne aikin hukuma ya fice daga hannun fada. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai, a 1976 kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau. Daura, wadda aka haɗa da Katsina a lardi guda tun 1934, ta sami kanta a jihar da babban birninta ke Kaduna har zuwa 1987 da aka yanke Jihar Katsina. Ƙarin girman malamin makaranta a Baure ya koma cikin fayil a wani ofis mai nisa, a hannun wanda bai taɓa ganin ajinsa ba.

Kuɗin ma ya canza asali. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. An sauke wa talaka kaya mai nauyi, ba mai musun wannan, kuma an rufe ƙofar zalunci babba. Sai dai daga ranar albashi ya zama kason man fetur da ke zuwa daga Ikko, ba wanda zai dubi akawu ya ce masa da gumina ake biyanka.

Daga Udoji zuwa tsallen kwaɗo

Sau uku cikin shekara goma gwamnatin tarayya ta gwada farfaɗo da ƙwazon ma'aikata. Hukumar Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ta ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya aiwatar, ta kuma ba da shawarar ƙarin albashi. Gwamnatin Gowon ta ɗauki ta biyun da hannu biyu, ta biya har da ariyas na watanni, aka sayi babura da rediyo, farashin kaya ya tashi, ta farkon kuwa ta kwanta a kabad. Janar Murtala Muhammed da ya hau a watan Yuli na 1975 ya kori ma'aikata fiye da 10,000, da masu laifi da waɗanda ƙiyayya ta ci, sau da yawa ta rediyo mutum yake jin an sallame shi nan take. Ofisoshi sun cika da sassafe na ɗan lokaci. Darasin da ya zauna a zukatan waɗanda suka tsira kuwa shi ne kujera ba ta da tabbas, gara mutum ya tanadi abin da zai koma kansa tun yana kai.

Gwaji na uku na ɗan Daura ne. An haifi Muhammadu Buhari a garin ranar 17 ga Disamba 1942, ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa, ya yi Midil da sakandare a Katsina, watau ya tashi ne a ƙarshen zamanin En'e, sa'an nan soja suka ƙarasa tarbiyyarsa. Sanarwar juyin mulkin da ya kawo shi ranar 31 ga Disamba 1983 ta ambaci jihohin da ma'aikata ke bin bashin albashin wata takwas zuwa goma sha biyu. Ranar 20 ga Maris 1984 mataimakinsa, Tunde Idiagbon, ya ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda aka taƙaita da haruffan WAI. In aka rubuta su a jere sai su fito da kalmar da Bahaushe yake sa wa maganar da bai gama gaskatawa ba, amma a lokacin ba mai faɗin haka da ƙarfi.

Matakin farko na bin layi ne a tasha da banki da asibiti. Na biyu, wanda aka ƙaddamar ranar 1 ga Mayu 1984, ranar ma'aikata, shi ne na ƙwazon aiki. Aka shiga yaƙi da makara da fashin aiki da barci a ofis da sayar da kaya a kan teburin gwamnati. Gwamnonin soja suka riƙa kai ziyarar ba-zata sakatariya, a rufe ƙofa, wanda ya makara a tsayar da shi a rana, wani lokaci a sa shi tsallen kwaɗo, dattijo da furfurarsa a gaban masinjansa. Jama'a da yawa sun ji daɗi, musamman waɗanda suka sha zaman jiran sa hannun da ba ya ɗaukar minti biyu, kuma ba a musun cewa an riƙa zuwa aiki a kan lokaci.

Amma me aka auna? Sa'ar da mutum ya shigo ƙofa, domin ita ce sojan da ke tsaye yake iya gani. Ko fayil ya motsa, ko yaro ya iya karatu, ko rijiyar da aka biya kuɗinta ta ba da ruwa, wannan yana bukatar wanda zai matsa ya taɓa kamar Kaura, kuma ba a yi tanadinsa ba. Hausa tana da suna ga abin da irin wannan tsaro yake haifarwa, aikin ganin ido. Sa'an nan ɓangaren sakamako ya zama fanko. A shekarun nan ne aka dakatar da ƙarin albashi, aka rage dubban ma'aikata saboda karyewar farashin mai, Doka ta 17 ta 1984 kuma ta hana wanda aka kora kai ƙara kotu. Da likitoci suka shiga yajin aiki a farkon 1985, cikin kokensu har da rashin magani da kayan aiki a asibitoci, sai aka haramta ƙungiyarsu aka tsare shugabanninta. Ubangidan gargajiya, duk tsananinsa, ya san bulala da riga tare suke tafiya. A nan an riƙe bulala, rigar kuwa babu kuɗin ɗinka ta.

Yana da kyau a gwada wannan da wani yaƙin da ya riga shi, watau Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. Ba a kai dattawa ajin dare da dorina ba. Manomin da ya iya karanta rasit ɗin harajinsa da lambar da ke kan sikelin gyaɗa ya ga amfanin abin a aljihunsa tun kakar farko. Haka ma a cikin matakan WAI, wanda ya fi daɗewa shi ne na tsabtace gari, wanda aka ƙaddamar a Kano a watan Yuli na 1985, domin kwata in an yashe ta kowa yana gani, kuma jihohi da dama sun ci gaba da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata shekaru masu yawa bayan haka. Matakin ƙwazon aiki kuwa bai wuce ranar 27 ga Agusta 1985 ba, ranar da Janar Babangida ya kifar da gwamnatin.

An sake ɗaga tutar sau da dama. Gwamnatin Abacha ta maido da yaƙin a 1994 ta ƙara masa cin hanci a suna. Buhari kansa, bayan ya dawo ta hanyar zaɓe a 2015, ya ƙaddamar da wani shiri a watan Satumba na 2016 mai kiran kowane ɗan ƙasa ya fara gyara daga kansa. Wannan karon babu soja a bakin ƙofa, kuma kiran ya zo ne a lokacin da jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto.

A ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, ma'aikaci da manomi sau da yawa mutum ɗaya ne. Wanda ake zargi da zuwa ofis da hantsi, shi ne yake gonarsa tun asuba in ruwan shuka ya sauka, shi ne kuma zai yini a tsaye a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi yana cinikin ragon da ya turke wata shida. Da LeVine ya bar mafarkin 'yan makaranta ya bi wannan mutum na mako guda a cikin damina, da lissafinsa ya fito dabam.

Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi jana'izarsa a Daura bayan kwana biyu, aka binne shi a cikin gidansa. Ma'aikatan da suka yi tsallen kwaɗo a 1984, waɗanda suke da rai a cikinsu, duk sun daɗe da yin ritaya, wasunsu sun yi shekaru suna bin layi a ofishin fansho.